Fom ɗin Haƙoran Babban Akawu

Shekara talatin da ɗaya Babban Akawu ya yi a ofishin rajista, kuma a duk tsawon shekarun nan, bayan Allah, abu ɗaya ya yarda da shi: takarda mai hatimi. In takarda ta ce an gyara rufin ofis, to an gyara, sai dai a matsar da bokiti inda ruwan ke ɗiga. In ta ce mutum ya rasu, ya rasu ke nan, ko da ga shi tsaye a gaban tebur yana rantsuwa. Ya yi ritaya, amma sunan ya biyo shi gida. Har matarsa, in ta so tsokana, Akawu take ce masa.

Bakinsa kuwa ya daɗe da lalacewa. Dasashinsa ya kumbura ya yi jajir, ya janye daga jikin haƙora har suka yi tsawo kamar na tsohon doki. In ya goge baki da safe, kumfar da zai tofar ja ce. Sai ya leƙa ya gyaɗa kai ya ce mugun jini ne ke fita, jiki na wanke kansa. Warin kuma ba a magana. Lokacin yana aiki, ƙananan ma'aikata kan tsaya taku uku daga teburinsa, su sunkuyar da kai, su miƙo fayil da tsinin yatsu. Shi ya ɗauka ladabi ne, har yakan yi alfahari da cewa babu ofishin da ake girmama na gaba kamar nasa. Ba wanda ya taɓa gaya masa gaskiya. Mutum talatin sun gwammace su riƙe numfashi shekara da shekaru da su faɗi kalma ɗaya, kuma wannan ragwantaka ita suke kira kunya.

Matarsa kaɗai ke faɗa, ita kuma ba a lissafa maganarta.

Abin da ya kai shi asibiti ba bakin ba ne. Numfashi ne ya fara yi masa gardama. In ya sunkuya ɗaure takalmi sai ya ɗago yana haki, ƙafafunsa suka kumbura har safa na barin zane a kansu. Aka yi hotuna, aka ɗebi jini, aka zaunar da shi da matarsa gaban likitan zuciya, wani dogon mutum mai furfura a gefen kai.

Likitan ya ce, "Baba, a cikin zuciya akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa tana rufewa don jini ya wuce. Taka ta ƙanƙance, ta yi tauri. Dole a sa sabuwa. Masu wannan tiyata sau huɗu suke zuwa mana a shekara, kuma na samar maka wuri ran sha bakwai ga wata. Saura mako uku."

Akawu ya ji daɗin wannan magana. Akwai rana, akwai lamba, akwai tsari.

Likitan ya miƙa masa takardu guda uku. "Wannan ta gwajin jini ce, wannan ta huhu. Wannan kuma ka kai sashen haƙori su duba bakinka su sa hannu. In babu ita, babu tiyata."

Akawu ya gyara tabarau ya karanta fom ɗin tun daga sama har ƙasa.

"Likita, ina jin an yi kuskure wajen haɗa takardun nan. Nan sashen zuciya ne. Haƙori sashensa daban, da shugabansa da ma'aikatansa. Me ya haɗa su?"

"Jini ya haɗa su, Baba. Shi jini bai san sashe ba. In dasashi ya ruɓe, ƙwayoyin cuta na shiga jini ta nan kullum, in kana tauna, in kana goge baki. Su yi ta yawo har su sami wurin sauka, kuma babu masaukin da suke so kamar sabuwar ƙofar zuciya. In suka kama ta, aikinmu ya lalace, kai ma kana iya tafiya. Ga sugan jininka da ya ƙi sauka. Ciwon dasashi na hana shi sauka, shi kuma yana ƙara wa dasashin ciwo."

"Ai bakina lafiya lau."

Likitan, wanda tun shigowarsu ya ja kujerarsa baya har ta taɓa bango, ya ce, "To ai da sauƙi ke nan. Minti goma za su sallame ka."

A hanyar gida matar ta ce, "Ka ji dai da kunnenka."

"Na ji. Tsari ne kawai. Kowane ofis yana da irin takardun nan na cika fayil."

"Cika fayil? Malam, matashin kanka nake wankewa duk bayan kwana biyu saboda jini. Shekara nawa rabonka da tauna nama da gefen hagu?"

"Ke likita ce?"

"Ni ce mai kwana kusa da kai. Na fi likita sani."

Ya yi mata banza, ya jefa kanumfari biyu a baki.

Washegari ya tafi shi kaɗai. Sashen haƙori na can ƙarshen wani dogon baranda, da benci biyu cike da mutane, kowa ya tallafe kumatu. Daga ciki ana jin wani inji na kuka siriri, irin kukan da ke shiga mutum har ƙashin baya. Ƙofa ta buɗe, wani ƙato ya fito da auduga cike da baki, idanunsa jajir, matarsa na riƙe da hannunsa kamar yaron goye. Akawu ya taɓa haƙoran gabansa na ƙasa da harshe. Biyu suka motsa. Ya san in ya hau kujerar nan ba zai sauko da su ba, kuma ya san za a ce sai an jira baki ya warke, ranar sha bakwai ta wuce shi. Tsoro ne ya kama shi, amma bai kira shi tsoro ba. Ya ce wa kansa wannan ɓata lokaci ne, kuma mai hankali ba ya bin layi a kan abin da sa hannu kawai yake bukata.

Yana juyawa sai ya ji an ce, "Ranka ya daɗe! Yallaɓai ne da kansa?"

Wani mai tumbi ne a bayan tagar karɓar kati, da biro a maƙale a kunne. Akawu ya gane shi. Shekara tara ya yi a ƙarƙashinsa a rajista kafin a yi masa canjin wurin aiki, yanzu shi ne sakataren sashen. Sakatare ya fito da sauri, ya rusuna, ya tsaya taku uku daidai kamar da.

Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi wa waɗanda suka rasu addu'a. Sannan Akawu ya zaro fom ɗin.

"'Yar takarda ce ke son hannun shugabarku."

"Ai ba matsala, Yallaɓai. Bari in sa ka gaba, ta duba ka yanzu."

"Ban ce a duba ni ba. Na ce takarda na son hannu."

Sakatare ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, matar nan ba ta da wasa. Ba ta sa hannu sai ta leƙa baki."

"Ƙarfe nawa take tashi?"

"Huɗu."

"Takardu nawa kake kai mata kafin ta tashi?"

"Sukan kai talatin. Na sito, na hutu, na odar magani."

"To me na koya maka?"

Sakatare ya yi dariyar yaƙe, don ya tuna. Wannan dabara Akawu ne ya ƙirƙiro ta, kuma ana jin har yau ana amfani da ita a rajista. Takardar da ba a so shugaba ya karanta, ba a ɗora ta a sama, don na sama yana karantawa da kuzarinsa. Ba a sa ta a ƙasa, don ta ƙarshe yakan tsaya ya duba kafin ya rufe biro. A tsakiya ake sa ta, tsakanin takardu biyu masu gundura, a jera su kamar matakala yadda wurin sa hannu kawai ke leƙowa. Sannan a kai tarin saura minti goma a tashi, a tsaya a kansa ana ɗaga gefen takardun ɗaya bayan ɗaya, ana duba agogo.

"Yallaɓai, wannan fa maganar lafiya ce."

"Lafiyar wa? Tawa ko taka? Kai, ashe mutum na mantawa. Wa ya ɓatar da takardar gargaɗinka lokacin da ka yi mako biyu ba ka zo aiki ba?"

Sakatare ya karɓi fom ɗin da hannu biyu.

Bayan kwana biyu Akawu ya shigo gida yana ƙasaita, ya shimfiɗa takardar a kan teburin falo, ya danne gefenta da kofi. An cika kowane gurbi da kyakkyawan rubutu. Dasashi lafiya. Babu haƙori mai motsi. Babu alamar cuta. Ga sa hannu, ga hatimi shuɗi ya zauna daram bai karkace ba.

"Karanta," ya ce wa matarsa.

Ta karanta, ta ɗago ta dube shi. "Bakin wa aka duba?"

"Ga sunana nan a sama."

"Na ga sunan. Bakin nake tambaya."

"Ke dai ba a iya miki. Hukuma ta ce lafiya, ke kin ce a'a."

"Akawu, ka ji tsoron Allah. Ni da kai ne a ɗakin nan. Wa kake yi wa wayo?"

Ya naɗe takardar ya sa a ambulan. Abin mamaki, kuma abin takaici, shi ne ya fara yarda da ita. Da safe in ya tofar da jan kumfa sai ya ga kamar ta rage ja. Da wani zazzaɓi ya riƙa taso masa da yamma, ya ce sauro ne, ya sha ƙwaya biyu. Matar ta yi niyyar ta kira likitan zuciya ta tona, sai ta tuna numfashinsa, ta tuna cewa ranar sha bakwai kaɗai suke da ita, ta fasa. Ita ma ta shiga sahun masu riƙe numfashi.

Ran sha shida aka kwantar da shi. Aka ba shi riga mai ɗauri a baya, wadda ya ce cin mutunci ce ga dattijo. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani kafinta, ramamme, leɓunansa sun yi duhu. Shi ma ƙofar zuciyar ce, amma bai sami wuri ba, an dai ajiye shi ko wani zai fasa.

Akawu ya ce masa, "Matsalarku ba ku san kan takarda ba. Da ka zo wurina tun farko, da na nuna maka hanya."

Kafinta ya ce, "Allah ya sa a yi a sa'a, Alhaji," ya juya fuska bango.

Da hantsi ran sha bakwai, saura awa biyu a shiga da shi, wata 'yar gajeruwar mata ta shigo da ƙaramar tocila a aljihun riga. Ta ce ita ce likitar da za ta sa shi barci, kuma ita za ta zura masa bututun numfashi ta baki.

"Baba, ɗaga kai. Buɗe baki in gani."

Akawu ya nuna fayil ɗin da ke rataye a ƙafar gado. "An riga an yi wannan, 'yata. Shafi na uku."

"Na gani. Buɗe dai."

"Ina ce sashen da abin ya shafa ya riga ya sa hannu? Ko kina tuhumar abokiyar aikinki ne?"

"Baba, ba a shafi na uku zan zura bututu ba. In akwai haƙori mai motsi, yana iya ɓallewa ya faɗa huhunka. Buɗe."

Ya dubi matarsa. Matar ta dubi silin. Ya buɗe kaɗan, kamar mai shan magani mai ɗaci.

"Ƙara."

Ta haska. Ba ta ja da baya ba, ba ta yamutsa fuska ba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. Ta sa safar hannu, ta taɓa haƙorin gaba, ya yi lilo. Ta danna dasashin gefen hagu da ɗan yatsa, mugunya ta fito fara-fara haɗe da jini. Ta goge a auduga, ta ɗaga masa ya gani.

"Tun yaushe kake zazzaɓi?"

"Wa ya ce ina zazzaɓi?"

"Kwana tara," in ji matar.

Kafin rabin awa gadon ya cika da fararen riguna. Likitan zuciya ya zo, aka kira likitar haƙori, wata mace mai tabarau da ba ta taɓa ganin Akawu ba a rayuwarta. Ta dubi fom ɗin, ta dubi bakin, ta sake duban fom ɗin.

"Hannuna ne," ta ce a hankali. "Hatimina ne. Amma ban taɓa ganin bakin nan ba. Da na gan shi ba zan manta ba."

Akawu ya gyara zama cikin rigarsa mai ɗauri a baya, ya yi magana da muryar ofis. "To tunda kin amsa hannunki ne, magana ta ƙare. Takarda ingantacciya ce. Ba a janye ta sai da wata takardar, ita ma sai ta bi ta hannun shugaban asibiti. Kafin nan an gama tiyata."

Ba wanda ya yi dariya sai kafinta, shi ma tari ya katse shi.

Likitar haƙori ta cire tabarau. "Baba, yau zan amsa tambaya a kan sakacina, kuma na cancanta. Wanda ya kawo mini takardar shi ma zai amsa tasa, ina jin aikinsa ya ƙare. Kai kuma ka san abin da ka yi? Ka sa an rubuta wa masu yanka ƙirjinka cewa hanya lafiya, alhali bakinka na zuba ƙazanta cikin jininka dare da rana. Da ka zauna a kujerata mako uku da suka wuce, da na cire waɗanda suka mutu, na wanke sauran, da yau ka warke an shiga da kai."

Wannan maganar ce ta same shi. Ya ce, "Da an yi a kan lokaci?"

"Da kwana ya ishe mu, har da saura."

Likitan zuciya ya ce wa ma'aikaciyar jinya a ɗebi jinin Akawu a kai gwaji, a ga ko cutar ta riga ta sauka a zuciya. Sannan ya juya ga gadon kusa. "Malam kafinta, ka ci wani abu yau?"

"Ko ruwa ban sha ba, likita. Kullum haka nake zama, ko Allah zai sa."

"An duba bakinka?"

"Uku suka cire mini wancan watan." Ya wangale baki ya nuna gurabun da alfahari.

"A shirya shi."

Akawu na zaune yana kallo aka turo gado mai taya, aka ɗora kafinta, aka rataya masa lambar shiga tiyata da tun jiya ke jikin gadon Akawu. Da za a fita da shi, kafinta ya ɗaga hannu. "Alhaji, a yi mini addu'a." Ba da gatse ya faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo.

Matar ta ɗauko kayansa daga cikin loka ta ajiye a kan gado. Da ta yi faɗa da ya sami abin mayarwa.

Da la'asar likitan zuciya ya dawo, da alamar hular tiyata a goshinsa. Ya ce aikin kafinta ya yi kyau. Ya ce sakamakon jinin Akawu sai bayan kwana uku. In cutar ta kama zuciya, zai yi mako shida yana karɓar allura ta jijiya. In ba ta kama ba, ya gode wa Allah ya je a gyara bakin. Ko ta wane hali, masu tiyatar sai bayan wata uku za su dawo.

Akawu ya daɗe yana murza gefen zanen gado.

"Likita, zuciyar za ta kai wata ukun?"

"Ina fata. Za mu ƙara maka magani, mu sa ido."

"Ba fata na tambaya ba. Za ta kai?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ka rubuta mini cewa za ta kai. Ko layi ɗaya ne."

Likitan ya dube shi, ba da fushi ba. "Abin da na sani kaɗai nake rubutawa."

Ya fita. Akawu ya sa wandonsa da ƙyar, matar ta durƙusa ta ɗaure masa takalmi. Suka bi dogon barandar a hankali, yana tsayawa duk bayan taku ashirin ya dafa bango. A sashen haƙori tagar karɓar kati na buɗe, amma wata baƙuwar fuska ce a ciki. Ta tambayi sunansa, ta sa ya maimaita, ta yago masa 'yar takarda mai lamba arba'in da biyu.

"Na nawa ake ciki?" in ji matar.

"Sha tara."

Babu wuri a benci sai da wata tsohuwa ta matsa. Akawu ya zauna a ɗan gefen da ta bari, lambar a hannun dama, hannun hagu a kan ƙirji. Daga ciki injin ya fara kukansa.

Matar ta sunkuyo ta ce, "In ka ji tsoro ka riƙe hannuna. Ba wanda ya san ka a nan."

Ya buɗe baki zai ce shi ba ya tsoro, numfashin bai ishe shi ba. Ya miƙa mata hannun.